SA IDON MALAMAI A KAN LABURARE: DARASI DAGA JAMI'O'INMU

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ɗan asalin Baturiya, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda karramawar da ya yi mini ta ba ni damar tsayawa a gabanku. Na san a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba, akwai kuma malaman da suka koya mini riƙon alƙalami. Saboda haka idan na yi tuntuɓen harshe, a yi mini afuwa, a ɗauka ɗalibi ne yake biya karatu a gaban malamansa.

DALILIN WANNAN JAWABI

Kamar yadda kowa ya ji a rahoton Sakatare, ƙungiyarmu ta kammala gyaran rufin laburaren makaranta, wanda ya lalace tun ambaliyar shekarar 2022, ambaliyar da ba wanda zai manta da ita a ƙasar Haɗejiya. Yanzu kuma an kawo shawarar a kashe ragowar kuɗin da muka tara wajen sayen littattafai. Wannan shawara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Amma ina roƙon arziki, kafin Ma'aji ya sa hannu a takardar fitar da kuɗi, mu amsa tambaya guda: idan littattafan nan suka iso, wa zai riƙa duba su, wa kuma zai tambayi mai duba su?

Abin da ya sa na yi wannan tambaya shi ne abin da idona ya gani. Ranar da na baro Baturiya na shigo aji ɗaya a makarantar nan, ban taɓa ganin littafi sama da goma a wuri ɗaya ba. Da aka zagaya da mu aka nuna mana wani ɗaki aka ce nan ne laburare, sai na leƙa ta taga na ga kantoci cike da littattafai, na ce a raina lalle na zo inda ilimi yake kwana. To, 'yan ajinmu suna nan, su ne shaidata, mun yi zango biyu cur ba mu ga an buɗe ƙofar nan ba. Ashe malamin da makulli yake hannunsa an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da shi a aljihu bisa mantuwa, kuma ba a sami wanda ya ɗauki abin a matsayin aikinsa ba balle ya bi sawu. Ranar da aka fasa kwaɗon, gara ta riga mu karatu. Ba sata aka yi ba, ba kuma mugunta ce ta jawo ba. Rashin mai tambaya ne kawai.

YADDA JAMI'O'I SUKA TSARA ABIN

Da Allah ya sa na shiga jami'a, sai na tarar cewa wannan matsala tsohuwa ce, kuma an daɗe da yi mata tanadi. A jami'o'in Nijeriya akwai manyan majalisu guda biyu. Akwai Majalisar Gudanarwa, wadda take kula da dukiya da gine-gine da ma'aikata. Akwai kuma Majalisar Malamai, wadda ake kira Sanet, ita ce take da ta cewa a kan duk abin da ya shafi koyarwa da jarrabawa da bincike. Abin lura a nan shi ne, an ɗauki laburare a matsayin sashen ilimi, don haka Majalisar Malamai take da hurumi a kansa. Shugaban Laburare yana cikin manyan jami'an jami'a, sahu ɗaya da Magatakarda da Ma'aji, kuma yana da kujera a Majalisar Malamai.

Ita wannan majalisa takan kafa kwamitin laburare, inda tsangayoyi suke tura wakilansu, su zauna tare da Shugaban Laburare. A wurare da yawa kowace tsangaya takan yi nata ƙaramin kwamitin, wani lokaci har da wakilin ɗalibai. Aikin waɗannan kwamitoci, a taƙaice, guda huɗu ne:

(a) Zaɓen littattafai da mujallun da za a saya. Malamin da yake koyar da ilimin ƙasa shi ya san littafin da ɗalibansa suke buƙata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

(b) Raba kuɗin saye tsakanin tsangayoyi, don kada sashen da ya fi baki a wurin taro ya kwashe rabon sauran.

(c) Tsara dokokin amfani da laburare: lokacin buɗewa da rufewa, yawan littafin da za a ara, kwanakin da zai yi a hannu, da tarar wanda ya makara.

(d) Karɓar rahoto daga Shugaban Laburare, da kai shi gaban Majalisar Malamai.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, kwamitin ba ya ƙwace aikin ma'aikacin laburare. Aikin laburare sana'a ce da ake karantawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da ita tun 1968, kuma a 1995 an kafa dokar hukumar yi wa masu wannan sana'a rajista a Nijeriya. Su suka san yadda ake rarraba littattafai fanni-fanni, a ba kowanne lamba, a adana shi. Mu mutanen fadama muna da misali a gida. Sarkin ruwa shi yake da ikon cewa yau za a shiga tafki kaza, gobe ba za a shiga ba. Amma masunta su suke kwana a kan ruwa, su suke gaya masa inda tarwaɗa ta yi ƙaranci da inda kacala ta toshe hanya. Idan ya daina jin ta bakinsu, ko su suka daina zuwa fadarsa, tafki ne zai lalace, kuma kowa ya yi asara. To, haka zaman malamai da ma'aikatan laburare yake.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Wannan al'ada ba Turawa ne suka fara kawo mana ita ba. A ƙasashenmu na Sudan malamai su ne masu tara littattafai, su kwafa, su gyara, su ba da aro. Shehin malamin nan na Tambutu, Ahmad Baba, wanda sojojin Maroko suka kama a 1593 suka tafi da shi Marrakesh, ya yi kukan asarar littattafansa kimanin 1,600, kuma an ruwaito cewa nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. A Sakkwato ma taskar littattafan Waziri Junaidu ta zama abin dogaro ga masu binciken tarihin Daular Usmaniyya. A irin waɗannan gidaje mai karanta littafi shi ne mai tsaronsa, shi ya sa gara ba ta samun sukuni.

A zamanin boko, laburaren jami'a na farko a ƙasar nan shi ne na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, kuma John Harris ne ya fara shugabantarsa. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 1962, babban laburarenta kuma yana ɗauke da sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa. Jami'ar Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Mu kuma a Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, sai a 2011 muka sami Jami'ar Tarayya ta Dutse, sannan a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, nan cikin masarautarmu, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido.

Yayyenmu da suka yi jami'a a ƙarshen shekarun 1980 za su ba da labarin halin da laburare ya shiga. Bayan da gwamnati ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi warwas. Galibin littattafan ilimi da mujallun bincike daga ƙasashen waje ake sayo su da kuɗin waje, saboda haka jami'o'i da yawa suka kasa sabunta rajistar mujallu. Ɗalibi ya je kanta ya tarar mujalla ta tsaya a wata shekara, daga nan shiru.

Su wa suka ɗaga murya? Malamai ne. A yarjejeniyar da Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, wato ASUU, ta ƙulla da Gwamnatin Tarayya a 1992, an amince a riƙa ware wa laburare kashi 10 cikin 100 na kuɗin gudanar da jami'a. Daga wannan gwagwarmaya ce kuma aka sami dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun da aka kafa da wannan haraji shi ne aka sake wa fasali a 2011 ya koma TETFund, kuma bunƙasa laburare yana cikin ayyukan da yake ba manyan makarantu kuɗi dominsu. Ko mutum yana ganin baiken yawan yajin aikin malamai, wannan kam ba zai musa ba. An sha yin ƙorafi cewa ba ko'ina ake cika kason nan na kashi goma ba, wanda ya ƙara nuna mana cewa doka a takarda ba ta wadatarwa sai da mai bibiya.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, 'yan uwana ɗalibai suka tura ni in wakilce su a kwamitin laburare na tsangayarmu. A daidai lokacin kuma ina rubuta kundin digirina a kan yadda kacala take toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya. Na zaɓi wannan batu ne don abin ya shafi tukunyar gidanmu. Kowa a nan ya san tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, kacala ta sami wurin zama, manomin shinkafa da masunci da makiyayi duk suka ji a jikinsu.

Na yi makonni ina bin kantoci. Na sami littattafai a kan kogin Nilu da kogin Misisifi, amma ban sami ko shafi ɗaya a kan kogin da na koyi iyo a cikinsa ba. Wannan kuwa duk da cewa masana daga ƙasashe daban-daban sun yi shekaru suna bincike a dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma a 2008 an sanya dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsayen Turai sun san hanyar garinmu, amma kantar laburare ba ta san da mu ba.

Da aka zo taron kwamiti, na yi ta maza na faɗi damuwata, muryata tana rawa. Wani dattijon farfesa ya juya ya tambayi ma'aikacin laburare ko akwai kayan da aka kawo kyauta waɗanda ba a shigar a rajista ba. Ma'aikacin ya ce akwai, suna cikin sito, kuma ya rubuta takarda har sau biyu yana neman a ba shi mataimaka da kantoci, ba a amsa ba. Nan take kwamiti ya tashi muka nufi sito. A cikin kwalayen da ƙura ta rufe muka tarar da rahotannin bincike a kan fadamarmu, har da littafin da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, wato IUCN, ta buga a 1993 a kan dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tace. Kwamiti ya kai maganar gaba, aka ba da ɗalibai masu aikin wucin gadi da kantoci biyu, kafin ƙarshen zango kayan nan sun hau kanta. Ma'aikacin nan ba malalaci ba ne. Ya rasa wanda zai ɗauki kukansa ya kai inda za a ji ne.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya ɓangaren. A wannan kwamiti na ga cewa su ma masu sa ido suna buƙatar a sa musu ido. Da aka karanto sunayen waɗanda suka riƙe littattafai fiye da ƙa'ida, sai ga shi waɗanda suka fi daɗewa da littafi malamai ne, har akwai wanda littafi ya shekara uku a ofishinsa, alhali ɗalibi idan ya ƙara kwana biyu sai ya biya tara. Na ga sashen da aka aika wa takardar zaɓen littattafai ta kwanta a tebur har wa'adi ya wuce, daga baya suka zo suna kukan an manta da su. Na kuma ga yadda kwamiti yake farkawa idan jami'an Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, suna tafe don tantance kwasa-kwasai, domin laburare yana cikin abin da suke ba maki. Sai a yi ta share-share da fenti, da baƙi sun juya baya kuma a koma barci. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

MAGANAR WAYA DA INTANET

Na san wani ƙanena zai ce, Yaya, ai yanzu laburare yana cikin aljihu, me za a yi da kanta? Haƙiƙa zamani ya sauya, kuma jami'o'i suna biyan kuɗi mai yawa don ɗalibai su karanta mujallu ta intanet. Amma wannan ƙara wa kwamiti aiki ya yi. Na ga inda aka biya irin wannan kuɗi, amma lambar sirrin shiga tana rubuce a takarda cikin aljihun tebur, ɗalibai ba su ma san da ita ba har wa'adin ya ƙare. Wannan da makullin da ya tafi a aljihun malaminmu duk tafiyarsu ɗaya. Ban da haka, yaron da ya fito daga ƙauyukan Kiri Kasamma, wanda babu lantarki a gidansu balle kuɗin data, littafin da ke kan kantar makarantar nan shi ne intanet ɗinsa. Idan muka bari ya lalace, shi muka zalunta.

SHAWARWARI

Mai girma Shugaban Taro, makarantar sakandare ba jami'a ba ce, ba mu da Sanet, ba mu da farfesoshi. Amma muna iya ɗaukar darasin daidai ƙarfinmu. Saboda haka ina gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka, tare da neman amincewar hukumar makaranta, domin ita ce mai gida:

1. A kafa kwamitin laburare mai mutum bakwai: Mataimakin Shugaban Makaranta mai kula da karatu a matsayin shugaba, malami ɗaya daga ɓangaren kimiyya, ɗaya daga ɓangaren harsuna, ɗaya daga sauran darussa, mai kula da laburare a matsayin sakatare, wakilin ɗalibai, da wakilin wannan ƙungiya.

2. Kada a sayi littafi ko ɗaya sai malaman darussa sun kawo jerin abin da suke buƙata a rubuce. A fara da littattafan da ke cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO, kofe da yawa, sannan ƙamus na Turanci da na Hausa da na Larabci, sai littattafan hira da za su sa yaro ya so karatu. Kada mu bari ɗan kwangila ya zaɓa mana abin da ya yi kwantai a shagonsa.

3. Kowane littafi a buga masa hatimin makaranta, a ba shi lamba, a shigar da shi a rajista. Rajistar ta zama kofe biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a hannun Sakataren ƙungiya.

4. Makulli ya zama biyu, kuma miƙa shi ya shiga cikin takardar miƙa aiki ta duk malamin da aka yi wa canji.

5. Dokar aro ta hau kan kowa, malami da ɗalibi, har da mu tsofaffin ɗalibai. Wanda ya san akwai littafin makarantar nan a akwatinsa tun zamanin da yake aji uku, ƙofar tuba a buɗe take, ba za mu tambayi suna ba.

6. A ɗaga kantoci daga ƙasa, a riƙa yin feshin gara kafin damina da bayanta. Mu mutanen bakin kogi ne, mun san ruwa ba ya sallama.

7. A keɓe kanta guda don abin da aka rubuta a kan ƙasar Haɗejiya: tarihinta, koginta, noma da su da kiwo. Duk ɗan ƙungiyar nan da ya rubuta kundin digiri a kan yankinmu ya kawo kofe ɗaya. Ni na zo da nawa, yana hannun Sakatare.

8. Kwamiti ya zauna sau ɗaya kowane zango, kuma a kowane taron shekara a karanta mana rahoto mai shafi ɗaya: littafi nawa ake da su, nawa aka ara, nawa suka ɓata, kwana nawa ƙofa ta kasance a buɗe. Wannan lissafi na ƙarshe shi ya fi kowanne muhimmanci a wurina.

KAMMALAWA

Iyayena malamai, na san nauyin da ke kanku: aji cike da yara, albashi ba ya kai wata, ga shi kuma wani tsohon ɗalibinku ya zo yana neman ƙara muku aiki. Ku yi haƙuri. Mun juyo gare ku ne domin mu baƙi ne, shekara-shekara muke zuwa mu ci shinkafa mu ɗauki hoto mu watse, ku kuwa kullum kuna nan. Kuɗinmu zai iya sayen littafi, amma ba zai iya sa yaro ya buɗe shi ba. Malamin da ya ce wa ajinsa, ku je laburare ku duba shafi kaza, gobe zan tambaya, shi ne yake raya laburare.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, idan kuka ga ƙofar nan a rufe ranar da ya kamata ta kasance a buɗe, ku tambaya cikin ladabi, ku sake tambaya. Mu ba mu tambaya ba, muka yi asarar zango biyu.

A aikin gwamnati na koyi cewa kayan da ba a rubuta sunan mai kula da su ba, ba su daɗewa. Don haka ina roƙon wannan taro, kada mu tashi yau sai mun amince da kafa kwamitin nan, mun kuma zaɓi wakilinmu a cikinsa. Bayan haka Ma'aji ya sa hannu, da yardar kowa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.